Balbelar Da Goggo Ta Bar Wa Yaya

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, Goggo dai ta riga mu. Ta cika da hantsi a ƙarshen daminar bara, a ɗakinta na gidan kakanmu da ke Ƙofar 'Yandaka, kanta bisa cinyata.

Abin da na lura da shi a zaman makoki shi ne, duk macen da ta shigo tsakar gida sai ta ɗaga kai sama kafin ta yi mana gaisuwa. Wasu ma sallamar a rabi take tsayawa. Sun saba in sun ratso zaure su faɗa cikin inuwar tsamiya da hayaniyar balbelu, yanzu kuwa ba komai sai sarari da kututture. Wata tsohuwa da ta zo daga Gobarau, ƙawar Goggo tun suna 'yan mata, ta tsaya ta dogara da sandarta ta ce, "Ashe gaskiya ne. An ce mani an sare iccen, na ce ƙarya ne, ba mai yi ma baiwar Allah nan haka tana da rai." Sai da ta gama wannan sannan ta juyo ta ce mini ya haƙuri.

Matar Yaya tana gefe tana zuba wa baƙi ruwa, ta sunkuyar da kai kamar ba ta ji ba. Ni kuwa na amsa gaisuwar da ƙarfi yadda za a ji ni har zaure, inda maza ke zaune. Na ce, "Haƙuri mun gode Allah, Iya. Iccen kuwa an sare shi, kuma ba baƙo ya sare shi ba."

Wanda ya sa aka sare shi yana zaune a zauren nan cikin babbar riga, yana karɓar gaisuwa a matsayin babban ɗa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ranar da aka kai Goggo yake neman ya keɓe da ni, domin ni kaɗai ce a kanta lokacin da rai ya yi halinsa, kuma abu ɗaya yake son ji daga bakina: ta yafe masa ko ba ta yafe ba. Ni kuma na ƙudura a raina sai ya jira.

Goggo yayar mahaifinmu ce. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, ita ta ɗauke mu, ni da Yaya. Nata 'ya'yan ba wanda Allah ya bar mata. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ciyar da mu ta yi mana sutura. Gajeriya ce, siririya, muryarta kuwa ta fi jikinta nesa ba kusa ba. Masu zuwa ta'aziyya suna ta cewa mai haƙuri ce. Wannan maganar makoki ce kawai. Goggo mai kyauta ce, mai tausayi ce, amma ba mai haƙuri ba ce, kuma ba ta mantuwa.

Maƙwabciyarmu ta bayan gida, wadda muke kira Inna, ita ce shaida. Ta zauna kusa da ni tana kuka tana dariya lokaci guda, tana ba matan da ke wurin labarin yadda suka yi da Goggo. Duk shekara in azumi ya gabato, Goggo kan sa a kaɗo tsamiya ta raba wa kowane gida a lungunmu don kunu. Wata damina kyanwar Inna ta tsallako katanga ta ɗauke ɗan balbelar da Goggo ke jinya. Goggo ta je har gida ta yi magana, Inna ta yi kuskuren cewa, "Haba, don ɗan tsuntsu?" Shi ke nan. Daga wannan shekarar tsamiya ta daina shiga gidan Inna. Da mijin Inna ya kwanta ciwo, Goggo ce ta riƙa kai musu tuwo safe da yamma har ya miƙe. Da 'yarta za ta haihu, Goggo ce a kanta. Amma tsamiya, ko ɓawo. Inna ta share hawaye ta ce, "Kyanwar ta mutu, ɗiyanta sun mutu, jikokinta sun mutu, ni ina sayen tsamiya a kasuwa."

Balbelun nan tun kafin a haife mu suke zuwa. Da zarar ruwa ya sauka sai ka gan su da yamma suna dirowa bisa tsamiyar, fari fat, kowace da tsinke a baki. Kafin damina ta yi nisa kowane reshe ya cika da sheƙa. Ba zan yi ƙarya don na kare Goggo ba, zama da su sai an daure. Kashinsu yakan mayar da tsakar gida fari, ga ƙarni, ga surutu tun asuba. Shanya ba ta yiwuwa sai a bayan ɗaki. Goggo takan share sau da yawa a yini ba ta taɓa tsaki ba. In wani ya toshe hanci sai ta ce, "Sun riga ubanka zama gidan nan."

In an yi iska da ruwa, 'ya'yan kan faɗo. A nan ne Goggo take zama wata iri. Ko gyaɗa ce a wuta sai ta sauke. Takan ɗauki ɗan tsuntsun a tafin hannu ta juya shi, ta duba ƙafa, ta miƙe fiffike. In lafiyarsa ƙalau, akwai wata doguwar gora da ta ɗaure wa ƙoƙo a kai, sai ta sa shi ciki ta ɗaga ta juye shi a hankali cikin sheƙar da take zaton tasa ce. Mutane kan ce mata uwar ba za ta karɓa ba tunda ya ji hannun mutum. Sai ta ce, "Wa ya hwaɗa maki? Ke in ɗanki ya hwaɗa kwata aka tsamo maki shi, sai ki ce ba ki so?" Kuma kusan kullum uwar takan karɓa.

In sheƙar ta fi ƙarfin gora, Yaya ne mai hawa. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ce bai san abin da ke saman itacen ba. Ya sani sarai. Da ɗan tsuntsu cikin aljihun rigarsa yake hawa, Goggo tana ƙasa tana yi masa kwatance.

Wanda ya ji rauni kuwa, ko wanda aka mayar ya sake faɗowa, sai ta sa shi cikin ƙwarya da tsumma ta kai ɗakinta, ta kife masa kwando saboda kyanwa. Ba ta yarda a ɗura masa ruwa. Ta ce ruwan ɗure shi ke kashe su, ya bi ta inda numfashi ke bi. Ba ta yarda a ba shi gero ko tuwo. Wata rana na kawo sauran fura don taimako, ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Kin taɓa ganin balbela a bakin turmi? Bayan shanu take bi. Tahi ki kamo mani hwara." Haka muke fita bayan ganuwa da gwangwani muna bin ciyawa. Sai ta cire wa kowace fara ƙafafu ta tsoma ta a ruwa, ta taɓa gefen bakin ɗan tsuntsun har ya buɗe. Ba balbela kaɗai ba, har 'ya'yan kurciya ana kawo mata daga wasu unguwanni. Wani lokacin kuma sai ta kori mai kawowar, in ta ga tsuntsun ya yi gashi yana tsalle. Ta ce, "Wannan ba hwaɗowa ya yi ba, koyon tashi yake. Maida shi inda ka gan shi, uwar tana nan tana kallonka, ɓarawo."

Ranar da wanda ta yi jinya ya tashi kuwa, ba ta cewa komai. Sai dai ka ji tana 'yar waƙa a bakin murhu, kuma ranar miya takan ji mai.

Yaya ya girma, Allah ya buɗa masa, ya je Makka ya dawo, ya yi gidansa a sabuwar unguwa. Ban taɓa yi masa baƙin ciki ba, kuma bai taɓa barin Goggo da yunwa ba, wannan haƙƙinsa ne na faɗa. Sai ya fasa katangar gaban gidan kakanmu ya fitar da shaguna. Mai sayar da yadi ya kama ɗaya, mai kemis ya kama ɗaya. Duk shekara damina na sauka sai su fara ƙorafi, wai ƙarni na korar masu saye, wai kashin tsuntsu na ɓata rufi. Yaya ya zo ya durƙusa ya gaida Goggo, ya kawo maganar a hankali.

Ta ce, "Ka bari su yaye ɗiyansu su tahi, sai mu yi magana."

Ya ce, "Goggo, haka kika ce bara."

Ta ce, "Haka kuma zan ce baɗi."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, na ɗauka maganar ta wuce ke nan.

Tsakiyar daminar bara numfashi ya riƙa sarƙe mata, muka kai ta asibiti aka ba ta gado. Ni ce mai jinya. Yaya yana zuwa kullum da kayan marmari, yana tambayar likita, yana gyara mata matashi. Ashe a cikin kwanakin nan ne ya kawo masu injin sare itace gidan. Da ido biyu ya zaɓi lokacin, tana kwance da robar iska a hanci, kowace sheƙa kuma cike da 'ya'ya.

Inna ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce ƙarar injin ce ta fito da ita. Ta leƙo ta kan katanga ta ga reshe na farko ya taho ƙasa da sheƙunansa. Iyayen suka tashi gaba ɗaya suna kewaya sama suna kuka, 'ya'yan kuwa suna zubowa kamar ana kaɗe tsamiya. Wasu ba su ko yi gashi ba. Masu aikin suna takawa suna wucewa. Inna, wadda aka hana tsamiya shekara da shekaru saboda ɗan tsuntsu guda, ita ce ta yafa mayafi ta shigo da kwando tana tsinta tana zagi. Ta ce ta je ta tsaya gaban Yaya ta ce, "Alhaji, kai ne fa mai hawa." Ya kau da kai ya ce wa mai injin ya yi sauri.

Ba wanda ya iya gaya wa Goggo. Ranar da aka sallame ta muka shigo zaure ina riƙe da ita, sai haske ya buge mu. Ta tsaya cak. Ta dubi kututturen, ta ɗaga kai ta dubi sama inda wasu balbelu ke ta kewayawa har lokacin ba su fid da rai ba. Na jira ihu, na jira zagi, don na san bakinta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Cewa kawai ta yi, "Akwai waɗanda suka yi saura?"

Inna ta kawo kwandon. Ba su da yawa, kuma duk a jigace suke. Goggo ta ce a ajiye mata su gefen katifa. Matar da ba ta iya ɗaga kofi sai an tallafa mata, ita ce ta zauna tana juya su ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar ƙarama fiffikenta na dama ya karye wajen faɗuwa, Goggo ta daɗe tana latsa wurin da yatsa, sannan ta sa na kawo sillen kara da zare ta yi mata ɗori. Ni da Inna muka koma bin ciyawa da gwangwani da girmanmu.

Ba inda za a mayar da su, ga shi sun kwana biyu cikin sanyi da yunwa kafin mu dawo. Suka riƙa mutuwa a hannunta. Duk wanda ya mutu sai ta naɗe shi a tsumma ta ba ni ta ce na tona gindin kututturen. Ina lura da ita, duk wanda na binne sai abincinta ya ragu. Likita ya ce zuciya ce, mutane suka ce wa'adi ne, kuma na yarda ba mai wuce ranarsa. Amma ni na san abin da na gani da idona, kuma ba mai hana ni faɗa.

Daga ranar ba ta ƙara kiran Yaya da sunan da take kiransa tun yana goye ba. Mai Inji take ce masa. In ya yi sallama sai ta juya fuska bango. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi ta magana, wai bai zaci abin zai kai haka ba, wai zai dasa mata wani itacen, wai ya yi ne don lafiyar ƙirjinta. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ƙona mini rai. Ita kuwa sai ta ce da ni, "Auta, ce ma Mai Inji shina tare mani iska."

Ya turo Baba Ƙarami, ƙanin mahaifinmu, tare da limamin unguwa. Liman ya yi nasiha mai kyau a kan yafiya da zumunci da halin da take ciki. Ta saurara har ya gama. Sannan ta yaye tsumman da ke kan kwandon ta ce, "Malam, ga masu ƙara nan. Yi masu wa'azin, in sun haƙura ni mi ne nawa?" Liman ya leƙa, ya yi addu'a suka tashi.

A ƙarshe saura ɗaya, mai ɗorin nan. Ita da muka fi fid da rai da ita, ita ce ta rayu. Ta yi gashi fari, ta fara tsayawa da ƙafafunta, tana saran yatsan duk wanda ya kawo mata fara. Goggo ta kwance mata zaren da kanta, ta miƙe fiffiken ta duba, ta mayar ta rufe kwandon.

Safiyar da za ta rasu ta ce na tashe ta zaune. Ta ba balbelar abinci da hannunta. Sannan ta kwanta bisa cinyata ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata don kada na rage ko na ƙara. Bayan nan ba ta sake wata maganar duniya ba sai kalmar shahada.

Na bar Yaya ya jira har ranar sadakar uku. Ina ganinsa yana aiko yara wai yana son ganina, ina cewa ina da baƙi. Ba Goggo ce ta sa ni ba, wannan nawa ne, kuma ban yi nadama ba. Da la'asar mutane suka ragu, ya shigo ya same ni a ƙofar ɗakinta. Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya tsuguna a ƙasa da babbar rigarsa.

Ya ce, "Auta, don girman Allah. Ta ce wani abu a kaina?"

Na ce, "Ta ce."

Ya ce, "Mi ta ce?"

Na shiga na ɗauko kwandon na dire a gabansa. Na ce, "Ta ce in hwaɗa maka, nata ta yahe, duniya da lahira. Ta ce ita ta goya ka, ba za ta tsaya da kai gaban Allah ba."

Ya rufe fuska da hannu ya fashe da kuka, yana ta hamdala. Na bar shi ya yi mai isarsa. Da ya yunƙura zai tashi na ce, "Ban gama ba. Ta ce na tsuntsayen ba nata ba ne, balle ta yahe. Ta ce ga wadda ta yi saura, ita ce magajiyarsu. Ka ɗauke ta ka ciyar da ita da hannunka, ba matarka ba, ba yaran shago ba. Ranar da ta tashi sama da kanta, to kun rabu lahiya."

Ya karɓi kwandon da hannu biyu, har da sauri, kamar wanda aka yi wa rangwame. Ya ce in dai wannan ne ai mai sauƙi ne. 

Washegari ya bugo mini waya wai ta ƙi cin abinci. Na tambaye shi abin da ya ba ta, ashe soyayyar fara ya sayo mai yaji da gishiri. Mutumin da ya girma yana bin ciyawa da gwangwani. Na ce ya tuna da kansa, na kashe wayar. Ba a jima ba labari ya fara iso mini, wai ana ganin Alhaji da sassafe a gonakin bayan gari ya naɗe ƙafar wando yana dafe ciyawa. Da kaka ta wuce fara ta yi wuya, ya koma bin masu kifi yana tsintar ƙanana. Ya yi mata keji a tsakar gidansa mai daɓen tayil, ƙarnin da ya gudar wa shaguna ya bi shi har ƙofar ɗakin kwanansa. Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da aka kawo mini irin wannan labarin abinci ya fi yi mini daɗi.

Cikin bazara ya zo gidan ya same ni ina shara. Ko zama bai yi ba. Ya ce balbelar ta girma ta yi ƙiba, kullum yana fito da ita fili yana ɗaga ta sama, sai ta buɗe fiffike ɗaya ta faɗo gefe. Ya ce ya gaji ya kai ta wurin likitan dabbobi. Likitan ya duba ya ce ƙashin a gaɓa ya karye, ya kuma haɗe a karkace tun tuni, ba abin da za a iya yi. Za ta ci, za ta sha, za ta yi shekaru in ana kula da ita, amma ba za ta taɓa tashi ba.

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Auta, Goggo ta sani?"

Na jingine tsintsiyar na ce, "Yaya, ita ta yi ɗorin, ita ta kwance shi. Tsuntsu nawa ka ga ya bi ta hannunta? Ta sani."

Sai ya duba rana ya ce bari ya tafi, lokacin ba ta abinci ya yi.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata zafin zuciyarta da kaifin bakinta, ya saka mata da kowane ɗan tsuntsu da ta ɗaga daga ƙasa da kowane maraya da ta goya. Ya sa ta iske 'ya'yanta da suka riga ta suna jiranta. Mu da muka rage ya kyautata namu ƙarshen. Ita kuwa balbelar, Allah ya ƙara mata lafiya, ya ja kwananta.